Babur ɗin kwalta da daji: kafin ka tambayi gudunsa, tambayi juyensa

A wata rumfar bakanike da ke gindin darbejiya na taɓa tsayawa ina kallon yadda ake buɗe akwatin iskar wani babur dogo, irin mai manyan tayoyi masu kunya-kunya da malaman gona da ma'aikatan rigakafi ke shiga ƙauyuka da shi. Mai shi ya kawo ƙara ne cewa mashin ɗin ya daina ja kuma yana shan baƙin mai. Bakaniken bai ce komai ba, sai ya zaro matatar iskar, ta yi jawur da ƙurar burji kamar an tsoma ta a kunun kanwa. Daga nan ya zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, wanda ke kai iska inji, ya fito da shi da ƙasa-ƙasa a jiki. Ya nuna wa mai babur yatsan. Ƙurar da ta tsallake matata ta riga ta shiga ta ci ringi da fistin, gyaran da kuɗin matata ɗaya zai hana ya koma na sauke inji.

Wannan yatsan nake tunawa duk lokacin da wani saurayi ya tambaye ni ko ƙaramin babur na kwalta da daji zai iya doguwar tafiya. Zai iya, kuma an yi ta da shi. Amma ba kowane ne ba, kuma ba a hannun kowa ba.

Irin wannan babur ya yi fice ne tun 1968, lokacin da kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DT-1 mai inji 250, mashin da doka ta yarda ya hau titi amma an gina shi don ya sauka daga kansa. Siffarsa har yau ba ta canza sosai ba: tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, ƙafafu masu sifok, ciki a ɗage daga ƙasa, da shokazoba mai nisan lotsawa. Ƙasar Hausa ma ta ga irinsa tun da wuri. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka kammala a watan Janairun 1979, ya ratsa ta Tamanrasat da Agadas da Yamai, kuma Bafaranshe Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500.

Abin da ke ruɗa mai saye shi ne babura biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya, tambari ɗaya, tsawo ɗaya, alhali cikinsu ya sha bamban kamar doki da alfadari. Ɗauki misalin Honda. CRF300L, mai inji 286 da ƙarfin doki kusan 27, littafinsa ya ce a yi juyen baƙin mai bayan kimanin kilomita 12,000, a duba bawul bayan ninkin hakan. Ɗan'uwansa CRF450L kuwa, wanda aka ciro injinsa daga na tsere, juyensa duk bayan kilomita 1,000 ne, duba bawul kuma wajen kilomita 3,000. Wato wanda ya taso daga Kano a kansa, yana isa Legas sai ya nemi inda zai kwance ƙusar mai. Dalilin a fili yake. Injin tsere an matse shi ya ba da duk ƙarfin da ke jikinsa, an rage masa nauyi har da yawan man da yake ɗauka, don haka ɗan man da ke ciki yana saurin gajiya. Injin CRF300L kuwa an sassauta masa, ba a tambayarsa abin da ya fi ƙarfinsa. Yamaha WR250R ma haka, sai ya yi kusan kilomita 42,000 kafin littafi ya ce a duba bawul. A ganina, mai niyyar tafiya ya fara buɗe shafin jadawalin gyara kafin ya murɗa totur ya ji ƙara.

Sai dai kar a riƙe wa littafin nan wuya. Waɗannan alƙaluma an rubuta su ne da tunanin titi mai tsabta da mai mai kyau, kuma littafin da kansa yakan ce a yawaita dubawa idan ana tafiya cikin ƙura. Wanda ke bin burji cikin hunturu, ko yake tuƙi cikin zafin bazara da baƙin man da bai tabbatar da asalinsa ba, ba ya asara idan ya raba wa'adin juyen gida biyu. Injin ba ya ɗaukar ko lita biyu.

Mu koma kan matatar iska, domin nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Iri biyu ce. Akwai ta soso, kamar ta Suzuki DR-Z400, wadda ake wankewa, a shanya, a shafa mata mai na musamman, a matse, a mayar. Akwai kuma ta takarda mai maiƙo, kamar ta CRF300L, wadda ba a wankewa, ba a kuma hura mata iska, sai dai a canza. Bakanikenmu ya saba ya kai matata wurin mai faci a feshe ta da iskar kwamfareso. A ido sai ta yi fes, amma iskar ta buɗa ƙananan ƙofofin takardar, ƙura ta sami hanya. Mai tafiya mai nisa da irin wannan babur dole ya sa sabuwa ɗaya ko biyu a jaka, don ba zai same ta a kasuwar ƙauye ba.

Sarƙa ma tana da nata tarkon. Hannun da ya saba da Boxer da Jincheng yana ganin sarƙa ta yi sako-sako sai ya ɗaure ta tam. A babur ɗin daji wannan sakin da gangan aka bar shi. Shokazobar CRF300L tana lotsawa har santimita 26, kuma duk sanda ta lotsa sarƙar na ƙara miƙewa. Idan an ɗaure ta tun babur na tsaye babu kowa a kai, ramin farko da aka faɗa zai ja ta fiye da kima, ya ci haƙoran da take hawa, ya taɓa boris ɗin da ke bakin giya, mai ya fara tsiyaya. Ma'aunin sakin yana nan a rubuce a littafi, galibi ma an manna shi a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Haka kuma sarƙoƙin zamani suna da ƙananan robobi da ke riƙe giris a cikin gaɓoɓinsu. Fetur na lalata su, sai a wanke da kananzir. Tsohon baƙin mai da ake kwarara wa sarƙa kuwa, da ya haɗu da yashi ya zama dutsen wasa wuƙa.

Akwai wani ɗan aiki da nake so saboda kunne ke yinsa. A ɗauki sifana a riƙa ƙwanƙwasa sifok ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau zai yi ƙara siririya, wanda ya saki zai yi dum. Minti biyu ne da safe, kuma shi ke hana ƙafa ta karkace a tsakiyar gargada.

Irin wannan kula ta yau da kullum ba ƙaramin abu ba ce. Ƙungiyar Riders for Health, wadda ta yi aiki a Gambiya da Lesoto da Zimbabuwe da Najeriya, a kanta ta gina aikinta gaba ɗaya: a koya wa ma'aikacin lafiya ya duba babur ɗinsa kowace safiya, a canza kaya a kan lokaci tun kafin su mutu, maimakon a jira mashin ya tsaya da magani a baya, majinyaci na jira a wani gari.

To, tafiyar kanta fa? Shaidu suna nan. Lois Pryce, 'yar Birtaniya, ta tashi daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina a 2003 a kan Yamaha XT225, bayan nan ta hau TTR250 daga Landan zuwa Afirka ta Kudu, ta keta Sahara. Steph Jeavons ta taka nahiyoyi bakwai da CRF250L tsakanin 2014 da 2018. Noraly Schoenmaker 'yar Holan, da aka fi sani da Itchy Boots a YouTube, ta kai CRF300 Rally har Alaska, sannan ta bi da shi Afirka ta Yamma, har ta ratsa Najeriya. Abin da ya ja su ga ƙaramin mashin shi ne nauyi. CRF300L kilo 142 ne da mansa, BMW R1250GS Adventure kuwa kilo 268. Babur dai sai ya faɗi, musamman a rairayi da taɓo. Na farkon mutum ɗaya zai ɗaga shi, da damina kuma a sa shi a kwalekwale a haye gulbi. Na biyun sai an yi gayya.

Amma yana da nasa kasawar, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. A kan kwalta, daga kilomita 90 zuwa 100 a awa ne yake sakewa. Sama da haka inji na kuka, kan babur na karkarwa har hannu ya mutu, tirela kuma idan ta wuce sai iskarta ta kaɗa ka. Kujerarsa siririya ce, an yi ta don mai yawan miƙewa tsaye a kan matakai, awa biyu ta isa ta gallabi mai zama. A CRF300L tsawonta daga ƙasa santimita 88 ne, gajeren mutum zai fi samun natsuwa a Yamaha XT250 mai santimita 81. Ƙarfen baya ba a yi shi don lodi ba, kar a kwatanta shi da na ɗan acaɓa da ke ɗaukar buhu biyu da mai buhun. Jakunkuna masu laushi, a ɗaure su ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya, su suka dace da shi.

Babbar matsalar ita ce tanki. Na CRF300L lita 7.8 ne, kuma da yake lita ɗaya na yin wajen kilomita 30, ka ce kilomita 230 ke nan kafin ya bushe. Tsakanin Damagaram da Agadas kuwa akwai kusan kilomita 450. Shi ya sa samfurin Rally, mai lita 12.8 da gilashin tare iska, ya fi kama da abin tafiya. Inda gidan mai ya yi nisa dole a koma ga 'yan bumburutu, a nan kuma wani bambancin ke fitowa. Mashin mai kafireto, idan datti ya toshe shi, kowane bakanike zai kwance ya wanke. Na zamani mai famfon fetur a cikin tanki ya fi tattalin mai da saurin tashi, amma datti ko ruwa na kashe famfon, kuma ba a gyara shi a bakin hanya. Kyalle mai tsabta a bakin mazurari ya kamata ya zama dole.

Wani abin da littafin kamfani ba zai gaya maka ba shi ne dokar wurin da za ka. Saboda 'yan bindiga da babur suke kai hari, hukumomi sun sha hana hawansa: a yankin Tilaberi na Nijar an hana a farkon 2020, a sassan Zamfara da Katsina ma an yi irin haka. Baƙo a kan dogon babur, da hular kwano da kaya a ɗaure, zai sha tambaya a shinge. A bincika kafin a tashi, a riƙe takardu a kusa, kuma kar a bari magariba ta yi a hanya.

Sauran guzurin ba shi da yawa: ƙarafan cire taya, ƙaramin famfo, kayan faci, fulogi, wayar kuloci, maɗaurin sarƙa, da tif na inci 21. Shi wannan tif ɗin ya fi komai wahalar samu a ƙauye, inda tayoyin acaɓa ƙanana ne. Idan kuma ta baya ce ta fashe, ana iya cusa shi a cikinta a lallaɓa har gari na gaba.