Robar Da Ta Dace Da Hannun Injin Ɗaukar Abinci

A manyan masana'antun abinci na zamani, ba mutum ne ke ɗaukar burodi ko nama yana jerawa cikin kwali ba, inji ne. Hannun injin nan iri biyu ne: akwai mai yatsu, akwai kuma mai tsotsa kamar ƙahon wanzami. Bakin kowanne roba ce, don kada ya latse abincin. To, wannan 'yar roba ita ke taɓa abin da dubban mutane za su ci, saboda haka ba kowace iri ake sawa ba.

Dalili kuwa shi ne roba ba ta zuwa ita kaɗai. Tun shekarar 1839, sa'ad da Charles Goodyear na Amurka ya gano dafa danƙo da farar wuta, ake garwaya ta da magunguna, waɗansunsu kuwa maiƙo da zafi suna jawo su waje, su shiga abinci. Danƙon itace kuma yakan sa wa waɗansu mutane ƙaiƙayi da kumburi.

Don haka masanan aikin sukan fara da tambaya uku: wane abinci, wane zafi, da me za a wanke injin? In burodi ne daga tanderu, sai silikon, gama tana jure zafi har digiri 200, ko da yake tana da saurin yagewa. In nama ne ko soye-soye, sai naitiril, wadda mai ba ya kumbura ta. Wadda ake kira EPDM ba ta tsoron tururi da ruwan zafi, amma in ta daɗe cikin mai sai ta kumbura. Galibi akan yi su shuɗaye, domin da wuya a ga abinci shuɗi, in ɓarɓashi ya faɗa nan da nan za a gan shi. Waɗansu har garin ƙarfe ake sa musu, don na'urar gano ƙarfe ta kama gutsuren.

Ƙasashen Turai sun kafa doka a 2004 cewa abin da ke taɓa abinci kada ya zuba masa abin cutarwa, kada kuma ya sāke masa ɗanɗano ko ƙanshi.

Jama'a, darasin nan har gida ya iso. Malamai su nuna wa yara cewa robar taya ba ta abinci ba ce. Akawun da aka sa sayen kayan inji kuwa ya nemi takardar shaida kafin ya biya, don araha ba ta ado.