Yadda ake haɗa agogon juyin inji a motar a-kori-kura

Da yawa daga cikin motocin a-kori-kura da ke jigilar hatsi da dabbobi a Najeriya da Nijar ba su da agogon da ke nuna saurin juyin inji, wanda ake kira takomita. Kamfanonin ƙera motoci kan bar shi a cikin samfuran da suka fi araha, don haka direba ya dogara ne ga kunnensa da kuma malejin gudu.

Sai dai maleji gudun tayoyi kawai yake nunawa. Takomita kuwa tana ƙidaya yawan zagayen da inji ke yi a cikin minti guda. Idan allurarta ta tsaya a kan lamba 3, ma'ana injin na juyawa sau 3,000 ke nan a minti.

Bambancin yana da muhimmanci ga motar da ta ɗauko kaya. Direban da ya tunkari Hawan Kibo, a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, da babbar giya alhali juyin injin ya yi ƙasa, yana wahalar da injin ne ko da motar tana tafiya. Haka ma wanda ya saka ƙaramar giya a gangara da gudu yana iya tura injin ya zarce iyakarsa. Injin dizal ya fi saurin kaiwa ga wannan iyaka, domin akasarinsu ba sa wuce zagaye 4,500, yayin da na fetur kan kai 6,000.

Wayoyi huɗu

Galibin takomitocin da ake sayarwa a kasuwa suna zuwa ne da wayoyi huɗu. Ja tana ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt 12, baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota, fara ta fitilar agogon ce, koriya kuma ita ke kawo saƙon juyin inji. Launukan kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka takardar da ke cikin kwalin ita ce abin bi.

Kafin a taɓa kowace waya, ana fara cire kan batir mai alamar ragi. Jar wayar ana haɗa ta ne da layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, tare da ƙaramin fis a tsakani. Idan aka haɗa ta kai tsaye da batir, agogon zai ci gaba da shan wuta ko da motar tana ajiye.

Koriyar waya ce ke da sarƙaƙiya, domin wurin da za ta shiga ya danganta ne da irin injin.

A tsofaffin motocin fetur masu kwayil guda, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Toyota Hilux, ana ɗaura ta ne a gefen kwayil mai alamar ragi. A nan ne wuta ke katsewa duk lokacin da fulogi zai tartsa, kuma wannan katsewar ce agogon ke ƙirgawa.

A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana tartsatsi sau ɗaya ne a cikin zagaye biyu. Don haka inji mai silinda 4 yana ba da saƙo 2 a kowane zagaye, mai 6 yana ba da 3, mai 8 kuma 4. Wannan ne ya sa ake samun ɗan maɓalli a bayan agogon mai lambobin 4 da 6 da 8.

Kuskure a wannan maɓalli ya fi rashin agogon haɗari. Idan aka bar shi a kan 6 alhali injin mai silinda 4 ne, allura za ta nuna 2,000 a lokacin da injin ke juyi 3,000. Direba zai ci gaba da taka totur yana zaton da sauran sarari.

Dizal da sababbin motoci

Injin dizal ba shi da kwayil ko fulogin tartsatsi, domin matsin iska ne ke kunna man. A irinsa ana ɗaukar saƙon ne daga altaneta, a wata kafa mai alamar W, idan tana da ita. Amma altaneta ta fi inji saurin juyi, tun da fulinta ƙarami ne, saboda haka dole a saita agogon ta hanyar kwatanta shi da wata na'urar awo ta hannu. Bel ɗin da ya saki ma yana iya sa allurar ta yi ƙarya.

Sababbin motoci kuwa kowace silinda da nata kwayil, kuma kwamfuta ce ke sarrafa su. Yanke waya a nan bisa hasashe na iya lalata kwamfutar, wadda kuɗinta ya ninka na agogon sau da dama. Hanya mafi sauƙi ita ce kafar binciken lafiyar mota ta OBD-II, wadda ta zama tilas a Amurka tun shekarar 1996, kuma akasari tana ƙarƙashin sitiyari. Akwai takomitocin da ake soka su a can ba tare da yanke komai ba.

Abin da masu gyaran wutar mota suka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne hanyar da wayar ke bi. Ya kamata ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba ta cikin zoben roba, ta kuma yi nesa da salansa da wayoyin fulogi. Idan ƙarfe ya goge rigarta har ta taɓa jikin mota, kwayil zai daina ba da tartsatsi, injin kuma ya mutu a tsakiyar hanya.

Bayan an mayar da kan batir, sai a tayar da motar a bar ta ta yi zafi. A tsaye, ba tare da an taka totur ba, allurar ta kamata ta zauna tsakanin 600 da 900. Idan ta yi nesa da hakan, maɓallin silinda ne farkon abin dubawa. Idan kuma rawa take yi, sai a koma kan baƙar waya a kankare fenti da tsatsa daga wurin da aka ɗaure ta.