Kafin na'urar ƙirga ƙuri'a ta iso Ƙonni, a fara rubuta dokarta

A Nijar hannu ke ƙirga ƙuri'a. Haka aka yi a zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020, haka aka sake yi a zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, a runfuna kusan 26,000. Daga Tsarnawa ta gundumar Birnin Ƙonni zuwa Dogarawa ta Malbaza da Badagishiri ta Illela, tsarin ɗaya ne. Ana rufe runfa sai a buɗe akwati nan take, sau da yawa a ajin makaranta da hasken tocila, a ɗaga kowace takarda wakilan 'yan takara su gani, a rubuta lissafi a takardar sakamako da ake kira PV, a sa hannu. A waɗancan zaɓukan, daga nan sakamako ya bi matakan hukumar zaɓe ta CENI har Yamai, Kotun Tsarin Mulki ta yanke magana ta ƙarshe. Na'ura ta taka rawarta ne a wajen rajista, inda aka ɗauki hoto da zanen yatsun mutum kusan miliyan 7.4.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake zaɓe ba. Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ba mulkin riƙo shekara biyar, an kuma rusa jam'iyyu. Ke nan duk ranar da za a koma runfa, sai an sake zama a kan dokar zaɓe ta 14 ga Agusta 2017, kuma a wannan zaman ba za a rasa masu cewa a kawo na'ura ta raba gardama ba. Mutanen Ƙonni sun fi kowa jin wannan zance, tunda Illela ta jihar Sakkwato tana bakin ƙofarsu, siyasar Najeriya kuwa kullum tana kunnensu.

To, me Najeriyar ta koya? A 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, hukumar zaɓe ta INEC ta kawo na'urar tantance katin zaɓe. Da ƙararraki suka kai Kotun Ƙoli a 2016, har da ta gwamnan Ribas, sai kotun ta ce na'urar ba ta ture kundin rajista na takarda ba, domin a ƙa'idojin hukumar kawai take, ba ta cikin dokar da majalisa ta yi. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba na'urar tantancewa gurbi, aka yi aiki da wadda ake kira BVAS, amma batun aika sakamako ta intanet ta bar shi ga yadda hukuma ta ga dama. Da shafin hukumar na IReV ya kasa nuna sakamakon shugaban ƙasa a kan lokaci a Fabrairun 2023, Kotun Ƙoli ta yanke ranar 26 ga Oktoba cewa wannan bai isa soke zaɓe ba. Sau biyu jama'a suka dogara da na'ura, sau biyu alƙali ya buɗe doka bai ga an ba ta ikon da suke zato ba. Waɗannan na'urorin ma fa ba ƙirga ƙuri'a suke yi ba.

Mai ƙirgawa aikinta daban ne. Ana zura mata takarda, ta duba gurbin da ke gaban kowane ɗan takara, ta auna duhun da ke ciki. In ya kai ma'aunin da aka saita mata, ƙuri'a ce. In bai kai ba, babu. Yanzu a dubi yadda mutanenmu ke zaɓe. Dangwala ake yi da yatsa. Tsohuwa ta dangwala, tawada ba ta bushe ba ta ninke takardar, sai inuwar yatsan ta fito a gurbin wani. Manomin albasa daga Galmi, wanda aiki ya cinye masa zanen yatsa, ya danna tambarinsa ya fito dishi-dishi. Wani ya dangwala a kan fuskar ɗan takarar da yake so maimakon gurbin da aka tanada. Mutum biyar da ke tsaye kan teburi za su ɗaga irin wannan takarda, su ga inda ninkin ya bi, su gane abin da mai ita yake nufi, ko su yi gardama a rubuta a PV. Na'ura za ta ce ƙuri'a biyu ce a takarda ɗaya, ko ta ce fanko ce. Wanda ya saita ma'aunin duhun nan, ko da ma'aikacin kamfani ne a wata ƙasa, ya riga ya yanke hukunci kan dubban ƙuri'u tun ba a buga su ba. A ganina wannan hukunci na majalisa ne, kuma wajibi ne a same shi rubuce a doka.

Amurka ta sha wannan wahala. A Fulorida a shekarar 2000, ratar ƙuri'a 537 ce tsakanin George Bush da Al Gore, ga katunan da na'ura ta ƙi karantawa don hudar ba ta fita sosai ba, kowace gunduma kuma da nata ma'aunin. Rashin ma'auni ɗaya shi ne hujjar da Kotun Ƙoli ta kafa ta tsayar da sake ƙirga ranar 12 ga Disamba. A 2002 aka yi dokar tarayya da ta tilasta wa kowace jiha ta fayyace abin da ake kira ƙuri'a. A Minesota kuwa, inda doka ta ce a bi nufin mai zaɓe matuƙar ana iya gane shi, lissafin farko na zaɓen sanata na 2008 ya ba Norm Coleman rinjaye kaɗan. Da aka sake ƙirga takardun da hannu aka gama shari'a, Al Franken ne ya ci da ƙuri'a 312.

Ba sai an je nesa ba ma. A Satumban 2023 kotun ƙararrakin zaɓe ta cire wa Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ƙuri'a 165,663 saboda babu hatimi ko sa hannun jami'i a jikinsu, sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta maido masa da su. An iya wannan shari'a ne domin takardun suna nan, ana iya ɗauko su a duba.

Jihar Tawa, wadda Ƙonni ke cikinta, tana da nata dalilin yin hattara. Nan ne tungar jam'iyyar PNDS-Tarayya kafin a rusa jam'iyyu, tsohon shugaba Issoufou Mahamadou ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, kuma alƙaluman da ke fitowa daga yankin sun daɗe suna shan zargin 'yan adawa. A 2021 ɗan takarar adawa Mahamane Ousmane ya ƙi amincewa da nasarar Mohamed Bazoum na PNDS, aka yi tarzoma a Yamai, aka katse intanet na wayar hannu kusan kwana 10. Inda ake zargi ko da an ƙirga a gaban ido, akwatin ƙarfe mai fitar da lamba ba zai kwantar wa kowa da hankali ba. Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta faɗi haka a Maris 2009, da ta ce amfanin da aka yi da na'urorin zaɓe a 2005 ya saɓa wa tsarin mulki: muhimman matakan zaɓe sai ɗan ƙasa ya iya bin diddiginsu ba tare da ilimin kwamfuta ba.

Ban ƙi na'ura ba. Ƙirga ta dare da gajiya tana da nata kurakuran. Amma tun ran gini ran zane. Ina kira ga masana shari'a da ƙungiyoyin farar hula na Ƙonni, Malbaza da Illela, idan an buɗe mahawara kan sabuwar dokar zaɓe, su nemi a rubuta ƙarara cewa takardar da mutum ya dangwala ita ce ƙuri'a, duk wadda na'ura ta ƙi sai an duba ta da ido a cikin runfa, a kuma zaɓi wasu runfuna ta hanyar ƙuri'a a sake ƙirga su da hannu. In lissafin biyu ya saɓa, na hannu ne kotu za ta karɓa.