Yadda muka ƙera tankin kallon kifi da katako a Tsanyawa, bayan na farko ya fashe

Ranar wata Litinin muka iso makaranta da sassafe, muka tarar da ɗakin kimiyya ya koma tafki. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har baranda, ga fasassun gilashi a warwatse. Tankin kifin da mu 'yan ƙungiyar kimiyya muka shafe mako uku muna haɗawa, da kuɗin tara da muka riƙa tsimewa, ya fashe cikin dare. Allah ya kiyaye babu kowa a ɗakin, kuma ba mu riga mun zuba kifi ba.

Mu 'yan Tsanyawa ne, garin gero da dawa da gyaɗa a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Yawancinmu mun san kifi ne a busashe ko a soye. Wanda ya taɓa zuwa Dam ɗin Watari da ke Bagwai ya ga masunta, amma ko shi bai taɓa ganin yadda kifi ke numfashi ko kiwo a cikin ruwa ba. Wannan ne ya sa muka ƙudurta yin tankin da za a riƙa kallon kifi ta jikinsa. Babban tanki na zallar gilashi ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka ari dabarar masu kiwon tarwaɗa, waɗanda ke ƙera akwatin katako su shimfiɗa tamfol a ciki. Namu dai zai sami taga ta gilashi a gaba.

Ba yawan ruwa ne ya fasa shi ba

Da malamin kimiyyarmu ya zo, bai yi faɗa ba. Alli ya ɗauka ya ce, "Ku faɗa mini awon tankinku."

Muka ce, "Malam, tsawonsa santimita 120, faɗi 60, zurfi 90."

Muka ninka, ya ba mu lita 648. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan mun ɗora wa akwatin kilo 648, kusan nauyin buhun siminti 13. Duk muka ce ai yawan ruwan ne ya fasa shi. Malam ya girgiza kai, ya rubuta ƙa'idar nan da muke haddacewa saboda jarrabawar WAEC da NECO: matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi. Duk santimita 10 da ka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kimanin kilo 100 a kan kowace murabba'in mita. Ruwan dam da ruwan randa, in zurfinsu ɗaya, matsinsu ɗaya ne.

Muka lissafa ƙarfin da ruwan ke tura bangon gaba da shi, ya kama kimanin kilo 486. Sai ya ce mu kwantar da tankin a takarda: tsawo 180, faɗi 60, zurfi 60. Ruwan bai canza ba, lita 648 ce cif. Amma turin da ke kan bangon gaba ya sauko zuwa kimanin kilo 324, kuma ya bazu a kan bango mafi tsawo. A tankin farko kowace mita ta bango tana ɗauke da kilo 405, a na biyu kuwa kilo 180 kacal. Mun yi dogon tanki ne don ya yi kyau a ido, ashe hanyar fashewa muka gina masa.

Katako da ƙafafu

A karo na biyu mun je wurin wani dattijon kafinta a bakin kasuwa da takardarmu a hannu. Ya duba ya ce, "'Ya'yana, da me kuka haɗa na farkon?"

Muka ce, "Da ƙusa, Baba."

Ya yi dariya ya ce ƙusa ta ɗakin kwana ce, ruwa zare ta yake yi a hankali. Ya haɗa mana da sukurori da gam, kowane sukuru bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa ba.

Faifan katakon da kafintoci ke kira filawud yana zuwa da ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi. Mai kaurin milimita 18 muka saya a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, faifai biyu. Mun guji irin katakon da ake matsawa da garin katako, domin da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje. Baba kafinta ya yi wa akwatin ɗamara da katako mai ƙwari a sama da ƙasa, ya kuma gitta sanduna biyu a bakinsa don kada bangon ya buɗe.

Wurin ajiyewa ma aiki ne. In ka haɗa ruwa da katako da gilashi da yashi, nauyin ya haura kilo 700, babu teburin aji da zai ɗauka. Mun jera bulo a kan daɓen siminti, magini ya daidaita da ma'auninsa. Tankin da ya karkata, kusurwa ɗaya ce ke shan wahala har ta buɗe. Bulon ya kuma raba katakon da ƙasa, wanda duk ɗan karkara ya san dalilinsa: gara.

Hana ruwa taɓa katako

Tamfol yana da araha, amma gam ɗin silikon da ake liƙa gilashi da shi ba ya kama tamfol da kyau. Saboda haka muka shafe cikin akwatin da ifokzi, wani ruwan gam mai kashi biyu da ake cakuɗawa ya daskare kamar tangaran. Shafi uku muka yi, muka shimfiɗa ƙyallen faiba a kowace kusurwa, domin ta nan yoyo ke farawa. A waje muka yi aikin, da safar hannu da takunkumi. Fentin mai na ƙofa ba ya wannan aiki. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa katako saboda gara kuwa, kada ya kusanci ruwan kifi.

Zaɓen gilashi

Kuskurenmu na biyu a tankin farko shi ne gilashin taga muka sa, mai kaurin milimita 4, kuma daga waje muka maƙala shi. Ke nan ruwa yana tura shi yana raba shi da katako. Daidai shi ne a sa gilashi daga ciki, ya fi ramin tagar girma. Da haka duk turin da ruwa ya yi, ƙara manne shi yake yi da katakon. Mun yanke taga mai santimita 140 da 40, muka sa gilashi mai 150 da 50, wato ya hau katako da santimita 5 ta kowane gefe. Kaurinsa milimita 12, nauyinsa ya haura kilo 20, sai da mutum biyu suka ɗauka.

Gilashi iri biyu za ku tarar wurin masu sayarwa. Akwai na yau da kullum, wanda ake yi ta hanyar malala narkakken gilashi a kan narkakken ƙarfen kuza, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wa duniya a 1959. Shi ana iya yanka shi, in ya tsage kuma yakan fara da layi. Akwai kuma wanda aka gasa don ya ƙara ƙarfi, irin na tagogin gefen mota. Ya fi ƙarfi nesa, amma ba ya yankuwa, ba ya hudawa, in ya fashe kuma gaba ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa. Na farkon muka zaɓa, muka sa mai yankan ya goge masa baki.

Silikon ma sai an duba. Wanda ake sa wa banɗaki yakan ƙunshi maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kifi. A nemi zallan silikon, a zuba shi da kauri ta yadda gilashin ba zai taɓa katako ba, a bar shi mako guda ya bushe.

Bututu: ta ina ƙazanta za ta fita?

Amfanin tankin katako a nan ya fito: katako ake hudawa, ba gilashi ba. Mun huda gindin tankin a kusurwa, muka ɗaura irin mahaɗin da ake sa wa tankin roba na saman gida, wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. A kansa muka tsayar da bututun roba wanda tsawonsa shi ne iyakar ruwan. Sai muka zura masa wani bututu mafi faɗi da tsawo, mai tsage-tsage a ƙasa. In an zuba sabon ruwa daga sama, tsohon ruwan ƙasa mai kashin kifi shi ke shiga ta tsagen, ya hau tsakanin bututun biyu, ya fice. Babu inji, babu lantarki.

Ƙarshen bututun ba kwata ya nufa ba, lambun makaranta ya nufa. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka da rani, wannan ba ƙaramin abu ba ne: cika tankin na cin jarka 26 masu lita 25, kuma duk mako muna canza biyar ko shida. Ruwan kifi taki ne, alayyahu da zogalenmu sun shaida. A guji bututun tagulla ko ƙarfe mai ruwan kwano, domin suna sakin abin da ke cutar da kifi.

Don tace ruwa, mun cika bokiti da tsakuwa da soso, ƙaramin famfo mai aiki da sola yana ɗaga ruwa ya bi ta ciki ya zubo. Zubowar tana shigar da iska. Duk wata waya mun ɗaga ta sama da tankin.

Sannu ba ta hana zuwa

Ba mu sake cika tanki a rana ɗaya ba. Kashi ɗaya cikin uku muka zuba, muka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, muka kwana biyu. Ba ta jiƙe ba, muka ƙara. Sai da ya yi mako a cike kafin muka yarda da shi.

Kifi ma ba a zuba su tashi ɗaya. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, mai kisa ko da kaɗan ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu zama a jikin tsakuwa da soso su ne ke mayar da shi naitirait, sannan naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Shi ya sa muka fara da ƙananan karfasa shida, kuma ba ma wanke soson da sabulu, sai da ruwan tankin.

Tarwaɗa ta fi juriya, domin tana da gaɓar da ke ba ta damar shaƙar iskar sama, amma babbarta tana cinye ƙananan kifi, kuma tana tsallakewa in babu murfi. Karfasa tana son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. Da hunturu cinta yana raguwa, sai a rage abinci a rufe tagogi. Da bazara kuma a kare tankin daga rana, in ba haka ba ruwan ya yi zafi, gansakuka ta rufe gilashin.

Malam ya ba mu labarin cewa a 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa tsirran ruwa suna iya samar wa kifi iskar da yake buƙata a cikin tanki. Bayan shekara uku, a 1853, gidan namun dajin Landan ya buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a. Tambayoyin da suka sha kansu su ne muka sha a Tsanyawa: iska, ƙazanta, da nauyin ruwa.

Watan da ya wuce wata 'yar aji ɗaya ta rugo ta ce, "Malam, wani kifi ba shi da lafiya, ya daina cin abinci, haɓarsa ta kumbura." Muka taru a gaban gilashin. Ashe macen karfasa ce ke riƙe da ƙwanta a baki, kamar yadda irinta ke yi har su ƙyanƙyashe. Bayan 'yan kwanaki muka ga 'ya'yan suna fitowa, da an taɓa gilashi su ruga su koma bakin uwarsu. Ranar sai da shugaban makaranta ya zo da kansa ya kora mu aji.