Ko Ka Sani? Funfunar Da Ke Sa Shinkafa Tsawon Banza

Manomi ya ga tsiro ya ɗara saura tsawo, ai murna zai yi. Manoman shinkafa na Japan kuwa gabansu ne ke faɗuwa. Sun daɗe da lura cewa a cikin irin dashe akan sami wasu da ke miƙewa zanƙal-zanƙal, sirara, ganye ya yi fatsi-fatsi, kara ba ƙwari. Ba a jimawa sai su kwanta su mutu, wanda ya tsira kuma zangarniyarsa duk ƙaiƙayi. Suka raɗa wa cutar suna "bakanae", wato wawan tsiro.

Tsiron ba wawa ba ne, yaudararsa aka yi. Wata funfuna ce mai suna Gibberella fujikuroi take maƙalewa a jikin iri, ta shige cikin tsiron, ta riƙa tsarto wani sinadari. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, da ke aiki a Taiwan, ya reni funfunar a ruwa, ya tace ta kaf, ya zuba ruwan kaɗai a kan lafiyayyiyar shinkafa. Sai ga ta tana zuƙewa sama kamar mai cutar. A 1935 Teijiro Yabuta ya sa wa sinadarin suna jibaralin.

Abin mamakin bai fito ba sai a shekarun 1950, da bincike ya nuna tsirrai da kansu suna haɗa wannan sinadari, da shi suke umartar karansu ya yi tsawo. Ashe funfunar ba baƙon dafi ta kawo ba. Muryar mai gida ta ara, ta yi ta kwarara umarni ba ƙaƙƙautawa, tsiron ya ƙarar da ƙarfinsa wajen bi. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma ba gado ba ne: hanyar da funfunar take bi ta haɗa sinadarin daban take da ta tsirrai.

Yau a masana'anta ake kiwon wannan funfuna, a tatsi sinadarin, a fesa wa inabi marar ƙwallo don ’ya’yansa su yi ɓul-ɓul. Shinkafar IR8 kuwa, wadda aka fitar a Filifin a 1966, gajera ce saboda jibaralin ɗinta kaɗan ne, shi ya sa take shan taki ta ɗauki zangarniya mai nauyi ba ta kwanta ba.