Rumfar Abinci da Teburin Mai Shayi a Kudancin Kano

A ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, sana'ar sayar da dafaffen abinci ta dogara ne a kan hanya da matafiyanta, kuma haka take tun kafin zuwan mota. Garin Bebeji, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, yana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma a wancan zamani zango, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, shi ne kasuwar masu tuwo da fura. A yau Kwanar Ɗangora ce ta gaji wannan matsayi, domin a nan ne hanyar da ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos, ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, saboda haka direba da ɗan kasuwa sukan cika ciki a nan kafin su shiga daji.

Abin da ake kira gidan abinci a waɗannan garuruwa sau da yawa rumfar kwano ce mai benci biyu ko uku, inda mace ɗaya da 'yan aikinta ke tuƙa tuwon shinkafa ko na masara, gwargwadon abin da ƙasar ke nomawa, tunda Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, Doguwa kuma wajen masara. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, shi ne abincin lebura da ɗan acaɓa saboda arha da riƙe ciki. A Tiga, inda aka kammala madatsar ruwa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, soyayyen kifi ya zama sana'a mai zaman kanta, yayin da reshen Makarantar Horar da Lauyoyi da ke Bagauda ke kawo masu ciniki daga sassan Najeriya daban-daban.

Mashaya kuwa, wato gidan da ake sayar da giya a bainar jama'a, ba ta da gurbi a fili tun da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Zaman hirar dare da ake samu a irin waɗannan gidaje a wasu biranen, a nan teburin mai shayi ne ya ɗauke shi, tare da tukubar mai tsire da gidan kallon ƙwallo. Bayan sallar isha'i mai shayi yakan jera gwangwanayen madara da sunƙin burodi da kiret na ƙwai, ya riƙa juya shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa ya huce, yana sauraron wanda ke son kauri, wato mai madara da yawa, da wanda ƙarfinsa bai wuce ruwan bunu ba, wato shayin da ba madara. A kan wannan benci ake jin farashin buhun taki, ake neman 'yan ƙwadago na gobe, ake tafka gardamar siyasa, kuma a littafin bashin mai shayi ne ake gane wanda damina ta yi wa kyau, domin da yawa sai da kaka suke biya.

Sauye-sauyen 'yan shekarun nan sun taɓa wannan sana'a ta fuskoki masu nauyi. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai tuwo karɓar kuɗi ta waya ko ta hannun mai POS, sannan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin gari da mai da sukari, har kwanon abinci ya ƙanƙance alhali kuɗinsa ya ƙaru. Aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano, wanda aka fara a 2018, yana da nasa tasirin, domin titi mai kyau yana rage wa direba dalilin tsayawa, kuma rumfar da aka tasa daga bakin kwalta ba kasafai take samun cinikinta na da ba.

Abin takaici shi ne masu tsara garuruwa sun fi kallon waɗannan rumfuna a matsayin cunkoso, alhali zawarawa da matan da suka rasa mazajensu da samari marasa aikin gwamnati da su suke riƙe gidajensu. Ƙorafin tsabta gaskiya ne, musamman ruwan wanke kwanuka da ƙurar da ke sauka a kan abinci, amma maganinsa ruwan famfo ne da magudana da zagayen duba-gari. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su keɓe wa masu abinci fili a kowace tasha da kasuwa, su haƙa musu rijiyar burtsatse, kafin su aiko mai karɓar haraji.