Kuɗin Kafin Alƙalami: Bayani Ga Mai Neman Mallakar Gidansa Na Farko

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ma'aikatan ƙananan hukumomi, malaman firamare, manoma da ƙananan 'yan kasuwa suna da halin biyan kuɗin gida kaɗan-kaɗan duk wata. Abin da yake gagararsu shi ne kuɗin kafin alƙalami, wato kason da banki yake buƙatar mai saye ya fara ajiyewa daga aljihunsa kafin a ba shi rancen sauran. Wannan bayani ya ƙunshi hanyoyin da Gwamnatin Tarayya ta tanada domin rage wannan nauyi, da sharuɗɗansu, da kuma abin da ya kamata mai nema ya shirya tun da wuri.

Asusun Gidaje na Ƙasa

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da Doka ta 3 ta shekarar 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, shi ne yake kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Misali, idan albashin da ake lissafi a kansa naira 100,000 ne, za a riƙa cire naira 2,500. Tun daga gyaran dokar da aka yi a 2023, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Masu sana'ar kansu ma suna iya yin rajista, ko dai kai tsaye ko ta hannun ƙungiyar gama kai mai rajista.

Duk ɗan Nijeriya da ya kai shekara 18, wanda kuma ya yi zubi na wata shida a jere, yana iya neman rance domin saye ko gina gidan zama. Kuɗin ruwan rancen kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana kuma iya biya har tsawon shekara 30, gwargwadon shekarun da suka rage wa mutum kafin ritaya. Wanda bai ci rance ba, zubinsa bai salwanta ba, domin ana mayar masa da shi idan ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki.

Hanya ta farko: rangwamen kafin alƙalami

A da, mai neman rancen naira miliyan 5 zuwa ƙasa sai ya ajiye kashi 10 cikin ɗari, mai neman har miliyan 10 kashi 20, mai neman har miliyan 15 kuwa kashi 30. A shekarar 2018 bankin ya soke kafin alƙalami ga rancen da bai wuce miliyan 5 ba, ya kuma mayar da shi kashi 10 ga wanda yake tsakanin miliyan 5 da miliyan 15. Ke nan gidan miliyan 8 da a da yake buƙatar naira miliyan 1.6 ya koma buƙatar naira 800,000. Daga baya an ɗaga iyakar rancen zuwa miliyan 50. Yana da kyau mai nema ya karɓi adadin kafin alƙalamin da ya hau kansa a rubuce kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Hanya ta biyu: ajiyar fansho

A watan Satumba na 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta fitar da ƙa'idojin da suka bai wa ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fanshonsa ba domin biyan kafin alƙalamin gidan zama. Wajibi ne a ce an zuba masa kuɗin fansho na aƙalla wata 60, kuma saura masa aƙalla shekara uku kafin ritaya. Sau ɗaya tak ake samun wannan dama. Miji da mata suna iya haɗa nasu idan kowannensu ya cika sharuɗɗan. Ba a damƙa wa mutum kuɗin a hannu. Bankin da zai ba da rancen ake aika wa. Idan kason bai isa ba, mai nema ne zai cika gibin.

Akwai abu biyu abin lura a nan. Na farko, wannan dama ta masu asusun ajiya ce a kamfanonin kula da fansho, alhali wasu jihohi suna da tsarin fansho nasu na daban. Na biyu, duk abin da aka cira yau zai rage abin da za a karɓa bayan ritaya, saboda haka sai a auna da kyau.

Hanya ta uku: haya har a mallaka

Bankin yana da wani tsari na gidajen da aka gina da kuɗinsa, inda mai zubi zai tare yana biyan haya wata-wata ko shekara-shekara har gidan ya zama nasa. A wannan tsari babu kafin alƙalami. Ga masu guje wa kuɗin ruwa kuma, bankunan da ba sa mu'amala da shi, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan a 2012, suna da nasu tsarin sayen gida.

Matakan nema

1. A tabbatar da lambar rajista a asusun, a kuma nemi bayanin zubi. Ganin an cire kuɗi a takardar albashi bai wadatar ba, sai an tabbatar ya shiga asusun.
2. A buɗe asusu a ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje da FMBN ya amince da su, domin ta hannunsu ake miƙa takardar neman rancen gida.
3. A samo takardar tayin sayarwa daga mai gidan, da rahoton ƙwararren mai ƙiyasta darajar gida. Mai son gini zai kawo taswirar da hukuma ta amince da ita da lissafin kayan aiki.
4. A haɗa da takardun albashi na watannin baya, da shaidar biyan haraji, da katin shaida.

Ba a yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar mutum ba. Rancen miliyan 5 na shekara 30 yana cin kusan naira 30,000 a wata, don haka yana buƙatar mai samun kimanin naira 90,000. Haka kuma a tanadi kuɗin lauya, da na inshora, da na rajistar jingina, domin rangwamen bai shafe su ba.

Takardar mallaka

A nan ne neman mutanen karkara ya fi cijewa. Gidan shi ne jinginar rancen, kuma banki ba ya karɓar takardar cinikin da aka rubuta gaban mai unguwa ko dagaci ita kaɗai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, amma galibin bankuna takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna suke nema, tare da amincewarsa kafin a jinginar. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, saboda haka a fara shi kafin a je banki. Idan filin na gado ne, sai an raba, kowa ya san rabonsa a rubuce.

Jan hankali ga jami'ai da jama'a

Ana kira ga ma'ajin ƙananan hukumomi da su riƙa aika abin da aka cire tare da jerin sunayen ma'aikata a kan kari, domin jinkirinsu yana iya hana bawan Allah gida. Jami'an filaye su hanzarta duba takardu, hakimai da dagatai kuma su tantance iyakoki kafin su shaida ciniki. Jama'a su yi hattara da dillalan da suke karɓar kuɗi da sunan sama musu gurbi. Kada a biya ko kwabo sai a asusun banki, a kuma adana rasidi.